Zaren silikon da ɗigon zinariya: me ya hana shi shigowa kasuwar pano?

Wata ɗaliba mai karatun fizik a jami'ar Maradi ta aiko da wannan tambaya: "Malam, ina wuni. Na karanta cewa ana ɗora ƙarfe irin zinariya a kan silikon, a tsirar da wasu siraran zarurruka da ake kira nanowaya, kuma wai sel ɗin sola da aka yi da su ya fi shan haske, ga shi ba ya cin silikon da yawa. Babana na sayar da pano a kasuwa, na tambaye shi ya ce bai taɓa jin labarin irinsa ba. Ta yaya ƙarfe ke tsirar da silikon? In abin yana da kyau haka, me ya sa babu shi a kasuwa? Kuma zan iya ɗaukar shi a matsayin aikin bincikena na ƙarshen karatu a nan?"

Lafiya lau, ɗiyata, Allah ya yi wa karatu albarka. Baban naki yana da gaskiya. Ko birnin Guwanzu na ƙasar Sin ya tafi da kansa, ba zai samo panon da aka yi da irin wannan zare ba. Abin da kika karanta shi ma gaskiya ne, sai dai rabinta aka ba ki. Ƙarfen da ke tsirar da zaren shi ne kuma ke sa masa guba, sirantar da ke sa shi shan haske ita ce ke zubar da wutar da ya tara, kuma lokacin da masana ke fama da waɗannan biyu sai silikon ɗin da ake son a yi tattalinsa ya faɗi warwas a kasuwa.

Mu fara da awo. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, maikuron ɗaya kuma nanomita 1,000 ne. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen maikuron 70. Zaren da muke magana a kai kaurinsa daga nanomita 20 zuwa 200 ne galibi, tsawonsa kuma maikuron kaɗan zuwa gommai.

Hanyar tsirar da shi tsohuwa ce. Wagner da Ellis ne suka bayyana ta a 1964 a ɗakin binciken Bell na Amurka, inda aka yi sel ɗin silikon na farko mai amfani a 1954. Ana ce mata VLS, saboda silikon na shigowa a matsayin tururi, ya ratsa ta cikin ruwan narkakken ƙarfe, ya fita daskararre. Sirrin duka yana cikin lambobi uku. Zinariya ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1064. Silikon sai 1414. Amma in suka gauraya, atam ɗin silikon wajen 19 cikin kowane 100, gaurayen na narkewa a digiri 363 kacal.

Ga yadda ake yi a aikace. Ki ɗauko faifan silikon mai sheƙi, a wanke shi, a cire masa fatar okzid ɗin da iska ke yi masa. A fesa masa zinariya mai kaurin ƴan nanomita, wadda ido ma da ƙyar yake ganin ta. A sa shi cikin bututun gilas na kwas a cikin tanderu, a zuƙe iskar ciki, a kunna. Da zafi ya haura 363, zinariyar sai ta fara lasar silikon ɗin da ke ƙarƙashinta, ta narke, shimfiɗar ta tsinke ta zama ƙananan ɗigo birjik. Daga nan sai a sako gas mai ɗauke da silikon. In silan ne, zafin digiri 400 zuwa 600 ya wadatar. In tetrakulorid ɗin silikon ne da haidurojin, irin wanda su Wagner suka yi amfani da shi, sai an kai wajen 950 zuwa sama. Gas ɗin ya fi saurin wargajewa ya saki silikon a kan ɗigon fiye da busasshen faifai, don haka silikon ɗin da ya saki cikin ɗigon yake shiga. Kin ga mai shayi in ya yi ta zuba sukari a ɗan kofi, akwai inda ruwan ke ƙoshi, abin da aka ƙara sai ya kwanta a gindi? Haka ɗigon yake yi. Bambancin kawai, silikon ɗin da ya kwanta ba ya zubewa barkatai. Kowane atam na bin jerin kiristal ɗin faifan da ke ƙasa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ɗigon na ɗagawa sama, ana ci gaba da ciyar da shi ta kai yana ajiyewa ta gindi. Faɗin ɗigon shi ke yanke kaurin zaren, tsawon lokacin da gas ya yi yana gudana shi ke yanke tsawonsa.

In kika buɗe tanderun, faifan da ya shiga kina ganin fuskarki a jikinsa zai fito dishi-dishi, ruwan ƙasa ko baƙi, ba ya mayar da haske, kuma in yatsa ya goge shi an gama, zarurrukan sun kakkarye. A ƙarƙashin madubin ilektiron za ki gan su tsaitsaye cunkus, kowanne da ɗan dunƙule mai ƙyalli a kansa. Dunƙulen nan shi na fi fara dubawa a duk hoton da ɗalibi ya kawo mini. In yana nan zagaye, tsiron ya tafi daidai. In ya motse ko ya ɓace, zaren ya yi tsini, to zinariyar ta silalo ta gefe. Masu bincike na kamfanin IBM sun nuna wannan ƙarara a 2006: atam ɗin zinariya na yawo a jikin zaren, ƙananan ɗigo na ƙarewa suna ciyar da manya. In kuma zarurrukan sun karkata kowanne da gabasarsa, fatar okzid ce ba ta fita duka ba.

To me ya ja hankalin masu sola? Dalilai biyu ne, na biyun ya fi nauyi.

Na farko haske. Faifan silikon mai santsi na mayar da fiye da kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Tsakanin zarurruka kuwa haske na shiga ya yi ta karo da su, kafin ya samu hanyar fita an shanye shi. A 2010 ƙungiyar Atwater ta Kaltek a Kalifoniya ta nuna cewa zarurrukan da ba su rufe ko kashi 5 cikin 100 na fili ba suna iya shanye wajen kashi 85 na hasken ranar da silikon ke iya amfani da shi, da silikon kashi ɗaya cikin ɗari na wanda faifai ke ci.

Na biyun sai kin ɗan natsu. Silikon rago ne wajen shan haske. Shuɗin haske yana shanye shi kafin ya yi nisan maikuron ɗaya, amma wanda ya wuce ja, mai tsawon zango nanomita 1,000, sai ya ratsa wajen maikuron 150. Shi ya sa faifan da ke cikin pano yake da kaurin da ya kusa haka. In haske ya tayar da ilektiron can cikin faifan, sai ilektiron ɗin ya yi tafiya har zuwa mahaɗar p da n, wato inda nau'in silikon biyu da ake kira p da n suka haɗu kusa da fuska, kafin a kama shi a tura shi waya. In ya gamu da datti ko tsaga a hanya, sai ya koma gurbinsa, ƙarfinsa ya zama zafi. Saboda wannan doguwar tafiya ce dole silikon ɗin pano ya zama tsattsarka, tsarkin kuma shi ne tsadar. A 2005 Kayes da Atwater da Lewis suka fitar da lissafi cewa in aka yi zare aka naɗe shi da mahaɗar, cikinsa p bayansa n, haske zai bi tsawon zaren ya samu duk nisan da yake so, ilektiron kuwa gefe kawai zai taka, tafiyar rabin kaurin zaren. An raba hanyar haske da hanyar ilektiron ke nan. Ma'anarsa silikon mai datti, mai araha, zai iya yin aiki. Ki tuna lokacin da ake wannan magana: a 2008 kilo ɗaya na tataccen silikon ya haura dalar Amurka 400. Duk wanda ya ce zai rage cin silikon sau ɗari, kuɗin bincike na bin sa da gudu.

A nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya yi aikin silikon ya san ba a shiga da zinariya ɗakin da ake yin sel. Tazarar makamashin silikon, wato tsallen da ilektiron ke yi kafin ya bar gurbinsa, ilektiron-bolt 1.12 ce, zinariya kuma tana kafa matakala kusan a tsakiyar tazarar, wurin da ya fi kowane sauƙaƙa wa ilektiron komawa gurbi. Da gangan ma masu ƙera diyod, na'urar da ke barin kuran ya bi hanya ɗaya kawai, suka riƙa sa ta don kashe ilektiron da wuri in suna son diyod mai saurin ɗaukewa. A zaren da aka tsirar a zafin digiri 1,000, zinariyar da ke saura ciki wajen atam ɗaya ce cikin miliyan biyar. Kya ce ai wannan ba komai ba ne. Amma ya isa ya mayar da rayuwar ilektiron, wato lokacin da yake ɗauka kafin ya koma gurbi, ƴan nanosakan, alhali a faifan kirki ana lissafin ta da milisakan, wanda ya ninka nanosakan sau miliyan. Ana iya wanke dunƙulen kan zaren da ruwan ayodin, wadda ta shige cikin kiristal ɗin kuwa wanki ba ya kai mata.

Sai aka bazama neman wani ƙarfen. Tagulla ta yi wa ƴan Kaltek aiki tun 2007, domin silikon ya fi jure ta, kuma tana da saurin yawo, tana fitowa gefe inda za a iya kankare ta. Sai dai tana son zafin digiri 1,000 da faifan kiristal a ƙasa. Alminiyam na da daɗi a takarda tunda shi kansa yana mayar da silikon nau'in p, kuma cibiyar Max Planck ta Halle a Jamus ta tsirar da zare da shi a 2006, amma da ya shaƙi iska kaɗan sai ya yi fata ya daina aiki. Wanda ya fi burge ni kuza ne, shi ɗin dai da ake haƙowa a Jos da duwatsun Ayar. Yana narkewa a digiri 232, gidansu ɗaya da silikon a jadawalin sinadarai, don haka ba ya kafa waccan muguwar matakala. Aibinsa ba ya iya fasa silan da kansa, sai an taimaka masa da filasma, wato gas ɗin da lantarki ya kunna, kuma ɗigonsa ba ya zama daram, zarurrukan na fitowa gajeru masu tsini, a karkace. Ƙungiyar Roca i Cabarrocas ta Politeknik a Faransa ta mayar da wannan aibi riba: suka tsirar da su kai tsaye a kan gilas, suka lulluɓe su da siririn silikon marar kiristal, suka samu sel mai mayar da wajen kashi 9 cikin 100 na hasken rana wuta. A ganina wannan ce hanyar da ta fi kusa da masana'anta, domin babu faifai mai tsada a ƙarƙashi.

Ko da an rabu da gubar ƙarfe, an gudu ba a tsira ba, saboda fata. A duk inda kiristal ya ƙare akwai atam ɗin da hannunsa ke sake, bai kama kowa ba, kuma kowane irin wannan tarko ne ga ilektiron. Yi lissafin da kanki. Zare mai kaurin nanomita 100, in kika raba faɗin fatarsa da girman jikinsa, kika gwada da faifai mai kaurin maikuron 150, za ki ga zaren ya fi shi fata wajen sau 3,000. Ana rufe fatar da okzid ɗin alminiyam ko nitirid ɗin silikon, kuma yana taimakawa sosai, amma shafa abu daidai wa daida a jikin biliyoyin zarurruka wani aiki ne daban da shafa shi a fili. Sannan ga abin da masu tallar abin ba su cika faɗa ba. Mahaɗar da aka naɗe zare da ita ta fi ta faifai faɗi nesa ba kusa ba, kuma duk lokacin da faɗin mahaɗa ya ninka sau goma, boltejin sel na raguwa da wajen milibolt 60. Sel mai kyau na yau na ba da milibolt 700 da ɗoriya. Zare na ceto miki yawan kuran, ya karɓe a bolteji. Lissafin su Kayes da kansa ya nuna rabin kaurin zaren ya kamata ya yi daidai da nisan da ilektiron ke iya tafiya kafin ya mutu, sirantar da ta wuce nan asara ce. Shi ya sa ƴan Kaltek suka bar nano suka koma zare mai kaurin wajen maikuron 2, suna zuba masa roba su ɓare shi daga faifan don a sake amfani da faifan. In kika ga takarda tana alfahari da sirantar zarenta a maganar sola, ki nemi boltejin kafin ki yaba.

Lambobin ba su ɓoye komai ba. Kamfanin General Electric ya yi sel na zare a kan farantin ƙarfe a 2007, ya ba da wajen kashi 0.1. A shekarar, ƙungiyar Lieber ta Habad ta samu kashi 3.4 daga zare guda ɗaya tal. Kaltek ta kai 7.9 a 2010. Silikon na faifai kuwa kamfanin Kaneka ya kai shi 26.7 a 2017, LONGi ya kai 27.3 a 2024, iyakar da lissafi ya yanke wa silikon kuma 29.4 ce. Panon kirki da ke shigowa ta Kano ko Kwatano yana tsakanin 20 da 23. Kilon silikon ɗin nan da ya haura dala 400, a 2024 ya sauko ƙasa da dalar Amurka 10. Yau gilas da firam da azurfar layukan sel da kuɗin mota sun zama babban kaso na farashin pano. Wanda ya rage silikon ya kuma rage rabin wutar, dole ya sayi gilas da ƙarfen ɗorawa ninki biyu. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Ki ƙara da yanayinmu. Lambar da aka rubuta a bayan pano an auna ta ne sel yana digiri 25. A Maradi cikin Afrilu da Mayu, iska kanta ta haura 40, panon da ke bisa kwano ya kan kai 65. Kowane digiri na cin wajen milibolt 2 daga sel, wato milibolt 80 ke nan sun tafi. Ga sel mai 720 wannan kashi 11 ne, ga mai 500 kuwa kashi 16 ne, har ma ya fi, domin sel mai ƙaramin bolteji ya fi jin zafi. Raunin zare ya faɗo daidai inda rana tamu ta fi dukan pano. Amfaninsa na shan haske kuma a ƙarƙashin gilas yake, ƙurar hunturu a bisa gilas take kwanciya. Mai lambu a Jiratawa da famfonsa ya rage ƙarfi a watan Janairu, tsumma da bokitin ruwa sun fi masa kowane zare.

Kada ki ɗauka aikin ya tafi a banza. Akwai ƴar'uwar wannan hanya da ta shiga masana'anta, inda ƙarfen ke haƙa maimakon ya gina: a tsoma faifai cikin nitiret ɗin azurfa da asid ɗin haidurofulorik, ƙwayoyin azurfa su nutse cikin silikon suna cin sa, abin da ya saura tsakaninsu ya tsaya zare-zare. Da ita aka riƙa baƙanta fuskar faifai mai kiristal da yawa wajen 2017, lokacin da sabuwar hanyar yanka da waya mai lu'ulu'u ta sa faifan ya yi santsin da tsohon wanki ba ya kama shi. Jami'ar Aalto ta Finlan ta kai baƙin silikon kashi 22.1 a 2015, ita da filasma ta yi nata, kuma abin da ya kai ta nan rufe fata ne da okzid ɗin alminiyam. Zaren VLS shi kansa ya fi samun gida a batir. Silikon na kumbura kusan ninki huɗu in ya sha litiyam, dunƙulalle na tsagewa, zare kuwa na da wurin buɗawa. Ƙungiyar Yi Cui ta Sitanfod ta nuna haka a 2008, kamfanin Amprius kuma ya kai batir mai zaren silikon kasuwa.

Saura tambayarki ta uku. Tsirar da zaren da gas, a'a, kada ki sa shi a takardar neman izini. Silan na kamawa da wuta da kansa da zarar ya taɓa iska. Tetrakulorid in ya gamu da laima sai ya yi farin hayaƙi na asid. Tanderun na son kuran ɗin da ba ya ƙiftawa na awowi, kin kuwa san halin da muka shiga lokacin da aka yanke layin wutar Najeriya a Agustan 2023. Kuma ko kin tsirar, sai da madubin ilektiron za ki san me kika samu. Haƙa da azurfa ana yin sa a zafin ɗaki cikin kofin roba, wannan sauƙin ne ke ruɗin ɗalibai. Haidurofulorik na cin gilas, yana ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya kama kalsiyam ɗin jiki, ɗan kaɗan a hannu na iya kisa. In babu akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu ta musamman, da man gulukonet ɗin kalsiyam a kusa, da malamin da ya saba da shi tsaye a kanki, ban yarda ki buɗe kwalbar ba.

Abin da za ki iya, kuma ya yi kyau, biyu ne. Da kwamfutarki kaɗai, manhajar MEEP ta kyauta za ta lissafa miki yadda jerin zarurruka ke shan haske in kika sauya kauri da tazara, manhajojin PC1D ko SCAPS kuma su nuna miki yadda rayuwar ilektiron da fata ke taɓa bolteji a sel shimfiɗaɗɗe. Ki haɗa su da tambayar da ƴan ƙasashen sanyi ba su damu da ita ba: me zai faru da sel mai faɗin mahaɗa a digiri 65? Ɗayan kuma awo ne a fili: pano biyu iri ɗaya a rufin sashenku, ɗaya ana goge shi kowace safiya, ɗaya an bar shi, da ma'aunin zafi manne a bayan kowanne, a riƙa rubuta bolteji da kuran daga Nuwamba zuwa saukar damina. Ni na farkon zan so ki ɗauka tunda zaren ne ya ja ki, ki sa na biyun ya ba ki zafin gaskiya da za ki zuba cikin lissafin.

In kuma Allah ya ba ki gurbin digiri na gaba a wani ɗakin bincike na waje da ke wannan aiki, kafin ki amsa ki tambaye su da wane ƙarfe suke tsirarwa, da me suke rufe fata, kuma milibolt nawa sel ɗinsu ya bayar a faɗin santimita ɗaya.